Shekarar da Na Sa wa Kunkuru Lagireto

Ku da kuka taso kuna jin ana ce mini Lawal Kunkuru, na san wasunku sun ɗauka don nauyin ƙafata ne, musamman ke Rabi da ba ki da aiki sai tsokanata. Sunan mota ne. Wata 'yar mota ce mai ƙusumbi, injinta a baya, wurin zuba kayanta a gaba, kuma ba ta shan ruwa ko cokali ɗaya, iska ce kawai ke sanyaya injin. A kanta na koyi kanikanci a garejin maigidana Mamman Dogo da ke bakin Ƙofar Durbi, da ita na yi aure, da ita na ciyar da ku. Idan kunkuru ta taho daga nesa, kafin ta sha kwana na san ta wane ce, na kuma san abin da ke damunta. Ba yabon kai nake ba. Na faɗa ne don ku san wanda ya aikata abin da zan ba ku labari ba ɗan koyo ba ne, ya san aikinsa ciki da waje.

A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, sana'armu tana mutuwa muna kallo. Motocin kwatano sun cika Katsina, kowa yana raina kunkuru, kayan gyaranta kuma sun yi wuya. Fistin da ringi sai an aika Kano, a yi mako ana jira, wani lokaci a dawo maka da na jabu. A gefe guda ga injunan kwatano jibge a kasuwa, lafiyayyu, ba sa shan mai, ka tada su ka rasa ko sun tashi don shiru. Sai wasu kanikawa suka fara sauke tsohon injin kunkuru suna ɗora mata na zamani. Ni ma na yi wa mutum biyu, motocin suka riƙa gudu kamar an kore su, kaina ya kumbura. Abin da ke cikin aikin shi ne injin zamani ba ya rayuwa sai da ruwa. Dole a sa masa lagireto, wato ma'ajin ruwan da ke sanyaya shi, kuma babu wurinsa a baya. Sai a kai shi gaba inda ake zuba kaya, a huda ƙarfen gaban motar don iska ta shiga, a ɗaura fanka a bayansa, a ja bututu ta ƙarƙashi har zuwa injin. Wanda zai tuƙa irin wannan mota abu uku ne a kansa: ya duba ruwa kowace safiya, kada ya danna kaya a jikin fankar, kuma ko ana ha maza ha mata kada ya buɗe murfin lagireto motar tana da zafi, domin ruwan da ke ciki ya fi na tukunyar tuwo tafasa, kuma fuskar mai buɗewa yake nema.

Kakanku Malam Iro, mahaifin innarku Indo, tsohon malamin dabbobi ne. Ya yi ritaya amma Fulanin da ke bayan Batagarawa ba su yarda ya yi ba, saniya ta yi tari sai an aiko masa. Kunkurunsa fara ce, ya saye ta sabuwa tun yana aiki, ya san kowane rami a hanyar rugagen nan da ita. A bazarar shekarar injinta ya buga karo na uku. Na kwance shi na ga ba abin da ya rage sai sunan inji, na yanke shawarar sa mata na zamani. Mamman Dogo, wanda lokacin ya tsufa sai dai ya zauna a kan tsohuwar taya yana kallonmu, ya kira ni.

"Lawal, injin ga mai kyau ne, ban ce ba shi da kyau ba. Amma wa za ya tuƙa ta?"

Na ce, "Baba Malam Iro mana."

"Shekara nawa yana tuƙa kunkuru?"

"Ta haura ashirin."

"To mutumen da ya shekara ashirin bai taɓa ba mota ruwa ba, shi za ka miƙa ma tukunya tana tahwasa? Inji kwana ukku kake canza shi. Hannun tsoho hwa, kwana nawa? Ka yi mata ringi ta ƙara lallaɓawa, ran da ta mutu ta mutu da mutuncinta."

Na ce masa to don ladabi, amma a raina cewa nake tsoho ne kawai ke tsoron zamani. Ya gane, domin shi ya rene ni a aikin.

"In ka ƙi ji, to ka zaunar da shi ka hwaɗa mashi da bakinka. Ban ce ka aika ba."

"In sha Allahu zan hwaɗa mashi."

A nan sai na tsaya na yi muku bayanin wani abu, don ku 'yan yanzu kuna zama kujera ɗaya da surukanku har ku tsoma hannu a kwano guda. Ni na shekara goma sha ɗaya da auren innarku, ban taɓa kallon tsakiyar idon Malam Iro ba. Idan na je gidansa a Kambarawa, tun daga bakin zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa, in gaishe shi ina kallon tabarma, in tashi. Ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. In na hango shi a hanya, lungu nake shiga. Ita kuma innarku 'yar fari ce, shi da ita ma akwai kunya, ko sunanta ba ya kamawa, sai dai ya ce "yarinyar can". Saboda haka duk wata magana tsakanina da shi hanyarta ɗaya ce: shi ya faɗa wa kakarku Inna Hauwa, ita ta faɗa wa Indo, Indo ta faɗa mini. Amsa ma haka take komawa. Ta wannan hanya aka ce mini a duba motar, ta nan na aika cewa injin ya mutu sai an canza, ta nan kuma amsa ta dawo cewa in yi abin da na ga ya dace. Muna alfahari da wannan, har a unguwa ana misali da ni wajen kunyar suruki.

Aikin ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Abu ɗaya ne ban samu ba, agogon da ke nuna zafin inji, na ce zan sa shi daga baya. Ranar da zan kai motar, tun daga Ƙofar Durbi har Kambarawa ina biya maganar nan uku a bakina kamar mai hadda. Da na isa sai na tarar da shi a zaure da abokansa uku, duk dattawa masu furfura, sun fito sun kewaye motar suna mamakin yadda ba ta ƙara. Na durƙusa na miƙa makulli da hannu biyu. Na buɗe baki.

"Baba, akwai ɗan bayani game da ita…"

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi dariya ya ce, "Kai Malam Iro, yau surukinka za ya koya maka tuƙi."

Suka kwashe da dariya, shi ma ya yi murmushi ya ce, "Lawal, na fara tuƙa motar ga kana wasan ƙasa. Allah shi yi maka albarka. Tashi ka tahi wurin aikinka."

Yaya zan yi? In ce wa surukina "kada ka yi kaza" a gaban sa'o'insa? Na ce amin, na ja da baya, na sa takalmina. Ina tafe ina gaya wa kaina ai ba komai, hanyar da muka saba tana nan. Da na isa gida na zaunar da Indo na lissafa mata abubuwan nan uku, na sa ta maimaita, ta maimaita daidai. Washegari ta je ta gaya wa Inna Hauwa. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, na san karin maganar nan tun ina yaro, na kuma yi mata kunnen ƙashi.

Tun daga ranar tsoro ya shige ni. Ina cikin ɗaure noti sai in ga murfin nan a idona, in ga hannun tsoho a kansa, sufana ta faɗi daga hannuna. Abinci ya daina yi mini daɗi. Mamman Dogo ya tambaye ni sau ɗaya ko na faɗa wa Malam Iro, na ce e, kuma wannan ita ce ƙaryar farko da na taɓa yi wa maigidana. Sai na ɓullo da wata dabara wadda a lokacin nake ganin hikima ce. Kullum in an sallame sallar asuba sai in hau babur in tafi Kambarawa, in kashe shi tun daga nesa, in lallaɓa wurin motar da ke ƙofar gida, in ɗaga murfin gaba, in duba ruwa, in taɓa fanka, in rufe a hankali, in gudu kafin Malam Iro ya dawo daga masallaci, don shi yakan zauna lazimi har rana ta fito. Ku duba wautar nan. Na yarda in riƙa ratsa gari kowace safiya kamar ɓarawo, amma ban yarda in durƙusa in faɗi jimla uku ba. Kwana tara ina haka, kowace rana ina cewa gobe zan same shi shi kaɗai.

Rana ta goma ita ce ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati. Gari ya tashi da kiɗa tun da sassafe, motoci cike da mutane suna shigowa daga ƙauyuka. Na isa Kambarawa na ga wurin motar wayam, sai sawun taya. Na yi sallama, Inna Hauwa ta fito bakin zaure ta tsaya a bayan ƙofa yadda ta saba, muka gaisa gaisuwar da ban san yadda na amsa ta ba.

"Inna, halan Baba ya hita?"

"Ya tahi ruga bayan Batagarawa, an aiko shanu ba lahiya. Ya ce gara ya hita da wuri kahin 'yan murna su cika hanya."

"Ya ɗauki kaya?"

"Buhun kanwa da na dussa, kamar kullum. Da ƙyar gaban ya ruhe, sai da ya danna. Ya ce abin da ka sa a ciki ya cinye mashi wuri."

Na dafa bango. Na ce, "Inna, saƙon da Indo ta kawo, mi kika ce mashi?"

"Na hwaɗa mashi mana. Na ce Lawal ya ce motar yanzu tana shan ruwa, in ta ji ƙishi a ba ta. Har buta ya cika ya tahi da ita."

Ban san ko na yi mata sallama ba. Ba laifinta ba ne, ita ba ta taɓa ganin cikin mota ba, ta ɗauki abin da ta gane ta isar. Magana uku na aika, ɗaya ta isa, kuma wadda ta isa ita ce za ta kai hannunsa kan murfin. Buhu ya danne fanka, ga zafin bazara, ga yashin hanyar ruga. Na san motar za ta tafasa, na san zai ga tururi yana fita ta gaba, na san zai tsaya ya ce ƙishi take ji. Abin da ban sani ba shi ne ko zan riga shi.

Na buga babur. Ina fita babbar hanya na faɗa cikin jerin gwanon 'yan murna, akori-kura da bas-bas cike da mutane suna ɗaga tutoci, masu kalangu a saman mota, sun cika hanya hagu da dama. Ina danna oda, su suna ɗauka taya su murna nake, har wani ya miƙo mini tuta. Na sauka gefen titi na bi ta cikin ƙasa, na faɗi sau ɗaya, gwiwata ta fashe ban ji ba. Bakina ba abin da yake faɗa sai "Ya Allah ka sa injin ya mutu, ya Allah ka sa taya ta fashe." Ni bakanike, ina roƙon Allah ya lalata aikin hannuna tun kafin ya yi zafi. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan safiya ba, har yau kuma in na ji kalangun 'yan siyasa gabana faɗuwa yake.

Na wuce Batagarawa na saki kwalta na bi hanyar ruga. Ban yi nisa ba na hango ta, fara, a gindin wani gawo. Murfin gaba a ɗage. An sauke buhunan an jingine su da taya, tsaf, yadda yake yin komai nasa. Butar tana kwance a gefe, hularsa tana ƙasa, murfin lagireton kuma na tsince shi can taku biyar daga motar. Ƙasan wurin a jiƙe take, har lokacin ƙarfen yana ɗan huci. Ba kowa. Na tsaya ina kiran "Baba, Baba," a fili da ƙarfi, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Sai ga wani Bafillace ya taho da sanda a kafaɗa, ya ce shi ne ya ji ihu, ya tarar da Malam Iro yana birgima ya rufe fuska da hannu. Shi da 'yan ruga sun kwara masa ruwan sanyi, sun tare wata akori-kura an koma da shi asibiti cikin gari. Wato mun yi saɓani da shi a cikin taron nan, ya wuce ta gefena a kwance ina can ina danna oda.

Na same shi bayan azahar. An naɗe masa fuska gaba ɗaya da hannun dama, baki da hanci kawai aka bari. Likita ya ce idon hagu ya tafi, na dama sai abin da Allah ya yi. Daga baya na daman ya dawo dishi-dishi, yana gane mutum in ya matso, amma bai ƙara karanta Alƙur'aninsa ba, bai ƙara duba bakin saniya ba, bai ƙara riƙe sitiyari ba. A ɗakin akwai Inna Hauwa, akwai Indo tana kuka a lungu da cikin Rabi, akwai kawunku Bishir, ƙanen innarku, wanda kun san zuciyarsa. Na durƙusa a bakin ƙofa. Bishir ya juyo ya gan ni, ya taso har sai da na ji numfashinsa a kaina.

"Kai ne ka sa ma tsoho bam a mota? Wa ya ce ka taɓa mashi inji? Ka hwaɗa mashi abin yana kisa ko ba ka hwaɗa ba? Wallahi in ba ka hwaɗa ba, yau Yaya Indo ba ta kwana gidanka, kuma sai mun haɗu gaban alƙali."

Na buɗe baki, ban san abin da zai fito ba. Sai murya ta fito daga cikin bandejin nan, a hankali, don leɓensa ma ya ƙone.

"Bishir, rabu da shi. Ya hwaɗa mani. Da bakinshi, a zaure, har sau ukku. Ni na mance. Tsuhwa ce."

Inna Hauwa ta sunkuyar da kai, Indo ta ɗago ta dube ni. Mu huɗu mun san ba haka aka yi ba. Ina da damar in ce, "A'a Baba, ban faɗa ba," kuma na yi shiru. Wannan karon ba kunya ba ce, tsoro ne tsagwaronsa, tsoron Bishir, tsoron alƙali, tsoron in koma gida ba innarku. Na bar tsoho makaho ya ɗauki laifina ya ɗora a kansa, aka yi ta zuwa dubiya ana cewa Allah sarki, Malam Iro da taurin kai, an gaya masa bai ji ba. Abokansa da suke zauren ranar sun san gaskiya, amma da suka ji abin da ya faɗa suka kama bakinsu. Wannan ita ce maganar da kuka taso kuna ji, har na taɓa jin ɗayanku yana ba abokinsa labari yana cewa kakansu mantuwa ta ci masa ido. Kakanku bai manta komai ba. Mutum ne da yake riƙe sunan saniya shekara goma bayan ya yi mata allura. Ni ne ban faɗa masa ba. Shi da Inna Hauwa da Bishir duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, innarku kuma ta ce in rubuta, ta gaji da riƙe sirrin ita ma.

Da la'asar ta yi, Bishir ya fita masallaci, matan suka fita alwala. Ni ban motsa daga bakin ƙofar ba. Malam Iro ya ɗan juya kansa wajen da yake zaton ina nan.

"Lawal, kana nan?"

"Ina nan, Baba."

"Matso."

Na ja gwiwa har bakin gadon. Tunda na auri 'yarsa, ranar ce ta farko da muka kasance mu biyu a ɗaki, ranar ce kuma ta farko da na ɗaga kai na dubi fuskarsa, ba abin da na gani sai farin ƙyalle.

"Bayanin da ka ce akwai rannan, mi ne ne?"

Na faɗa masa. Na ce a duba ruwa kowace safiya. Na ce kada a danna kaya a jikin fanka. Na ce kada a buɗe murfin in motar tana da zafi. Hawaye yana shiga mini baki, amma na faɗe su duka ukun, bai katse ni ba. Ya jira ko da saura. Da ya ji ba saura, ya sauke numfashi.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"Ashe maganar ba ta da tsawo."